Bel na Biyar a Motar Habu

Kwanan baya wasu samarin unguwarmu a nan Dagenham, gabashin London, suka kira ni in zo in ga motar da suke haɗawa a garejin bayan gida. Motar tsere ce mai kujera biyu, irin wadda ake sayo sassanta a kwali, mutum ya zauna ya harhaɗa da hannunsa. Sun yi ƙoƙari, ban raina musu ba. Amma da na tambayi inda za su ɗaure ɗamarar kujera, sai babbansu ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Baba, wannan ai easy ne. Mun yi order, noti ne kawai, ranar Sunday za mu yi fitting." Noti ne kawai! Ni da furfura ta same ni a kan wannan notin. Ban tanka musu ba a ranar, don na san halina, in na fara faɗa ba na sanin inda zan tsaya. Na ce gara in zauna in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

Bel ɗin motar gida guda ɗaya ne, ya ratsa ƙirji ya zagaya ƙugu, ka ja ka danna shi ke nan. Namu ba haka yake ba. Biyu suna saukowa ta kafaɗu, biyu suna zuwa ta ƙugu, hagu da dama, duk su haɗu a wani kewayayyen maɗauri na ƙarfe a ƙasan cibiya. Wannan shi ne mai reshe huɗu. In an ƙara guda da zai ɓullo daga ƙarƙashin kujera ya biyo ta tsakanin cinyoyi, ya zama mai biyar. Wasu suna raba na tsakanin nan gida biyu ya zama mai shida. Gaba ɗayansa muna ce masa ɗamara.

Sunana Sale. Ɗan dukawa ne ni daga cikin birnin Kano, da basilla a hannu na yi wayo. Daga ɗinkin jakar fata na koma ɗinkin kujerun manyan motoci a Sabon Gari. Wani ma'aikacin gwamnati da aka turo aiki London ya taho da ni in riƙa tuƙa shi, da aka mayar da shi gida ni na zauna. Haka na faɗa hannun Mista Stan, wani tsoho mutumin Poland, gajere kakkaura, wanda ba ya dariya sai in wani ya buge yatsa da guduma. Lokacin yaƙin duniya na biyu shi ke ɗinka ɗamarar sojojin da ke durowa daga jirgin sama da laima. Shagonsa a Deptford yake, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda ruwa ke ɗiga daga rufi ko da rani, kuma duk jirgin da ya wuce sai shayi ya girgiza a kofi.

Na je masa ina taƙama da ɗinki. Ya juya ɗinkin nawa gaba da baya, ya ce ba laifi, sai ya karɓe basillar ya miƙo mini 'yar ƙaramar guduma ya nuna mini ƙarƙashin wata mota. A can na yi damina da sanyina na farko, a kwance a kan kwali ina ƙwanƙwasa. Motocin haɗin gida jikinsu faiba ne, wato wani abu mai kama da busasshiyar roba, ko falangen da bai fi na langa kauri ba, wani ma katako ne aka lulluɓe da fenti. Ƙashin motar, wato bututun ƙarfen da ke riƙe da komai, a ɓoye yake ciki. Faiba tana amsa guduma kamar ƙwarya, ƙarfe kuwa amonsa a tsaye yake. Sai da kunnena ya iya raba su ido a rufe sannan ya bar ni na taɓa bel. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai, na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya na gane cewa bel mai kyau in aka ɗaure shi a faiba ado ne kawai, ranar karo notin zai fito da guntun faibar a bakinsa. Inda babu ƙarfe a wurin da ake so, sai a yi waldar sabo. Inda dole a huda ƙasan mota, sai a sa faffaɗan farantin ƙarfe ta ƙasa don kada notin ya yage wurin ya fice. Duk gefen da bel zai goga kuma sai an bi shi da magagari, har ya zamana in ka shafa da yatsa ba ka jin kaifi.

Kayan aikinmu ba su da yawa: gudumar nan, alli, zaren awo, sifana, injin huda, da wani jibgegen keken ɗinki da ya girme ni. Abin da ya fi wuya shi ne auna mutum. Za ka zaunar da shi a kujerar, hannu a sitiyari, ƙafa a birki, ka ja zare daga kafaɗarsa zuwa baya. Bel ɗin kafaɗa so yake ya tafi kusan a miƙe, ya ɗan sunkuya kaɗan, a ɗaure shi kusa da bayan kujera. Malalata suna sauke shi tsaye zuwa ƙasan mota don can huda ta fi sauƙi, ranar karo kuwa sai ya danne mutum ƙasa ya murƙushe masa ƙashin baya. Na ƙugu kuma a kan ƙashin ƙugu yake zama, ba a kan ciki ba. A nan ake yin ta da masu mota. Ban taɓa ganin namijin da ya zauna a kujerar awo bai shanye tumbinsa ba, Bature ne ko baƙi. Sai in ja shi da hirar ƙwallo har ya manta ya sake shi, sannan in sa alli. In an gama a ɗaure shi tamau, a ce ya miƙa hannu ya taɓo birkin hannu da makunnin fitila. Da yawa a nan suke gane sun kafa abubuwan a inda hannun ɗaurarre ba zai kai ba. Motar da ba ta da rufi kuwa ba ma sa mata ɗamara sai akwai ƙarfen kariya a baya wanda ya fi kan direba tsawo, don ɗaurarren mutum ba ya iya sunkuyawa in mota ta kife.

Wata jar mota da aka kawo mana a bayan babbar mota ita ce ta koya mini darajar bel na biyar. A wani wuri aka sa mata ɗamara mai reshe huɗu, kujerarta kuma a kishingiɗe take, kusa da ƙasa, kamar yadda suke duka. Motar ba ta ma lalace sosai ba, hancinta ne kawai ya lotse. Amma mai ita sai bayan watanni ya iya zuwa, yana dogara sanda, ya ɗaga riga ya nuna mana ɗinkin asibiti tun daga ƙirji har ƙasan cibiya. Da ya tafi Mista Stan ya sa ni a kujerar, ya ɗaure ni, ya ce in zame gaba. Na ji da jikina yadda mutum ke sulalewa ta ƙarƙashin bel ɗin ƙugu, maɗaurin ya baro ƙashi ya hau kan ciki inda babu abin da zai tare shi. Na tsakanin cinyoyin nan shi ke riƙe maɗauri a ƙasa. Tun daga ranar ban ƙara sa wa kishingiɗaɗɗiyar kujera mai reshe huɗu ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda fetur ya yi ƙaranci a nan, aka kuma riƙa ɗauke wuta ana rufe masana'antu. Wa zai yi zancen motar tsere alhali ta zuwa aiki ma tana layi a gidan mai? Muka koma ɗinkin kujerun mashaya da rumfar keken jarirai. In an ɗauke wuta keken ɗinki ya tsaya, sai in ɗauko basillata, Mista Stan ya riƙe mini fitila yana gunaguni. A cikin wannan hali wani ɗan kasuwa ya kawo mana buhunan tsofaffin bel na jiragen sama, ya ce mu wanke mu sayar, ba wanda zai gane. Sun sha rana har sun yi fari-fari, zaren ya mutu. Tsohon nan ya karɓi buhu guda, ya ɗauko wuƙa ya yi ta yankawa gunduwa-gunduwa a gaban mutumin, don kada ya kai wa wani shagon. Abin dariyar shi ne, man da ya hana mu barci a London shi ne ya cika aljihun mutane a gida. Masu zuwa daga Najeriya suna ba da labarin sababbin tituna da gidajen siminti, ni ina ɗinka rumfar jariri a duhu.

Da abubuwa suka warware, sai garin ya cika da mutanenmu. 'Yan makaranta da gwamnati ta turo, ma'aikata masu kwas, alhazai masu zuwa ganin likita. Kowa burinsa ya sayi babbar mota ya sa a jirgin ruwa. A cikinsu mutum ɗaya ne kawai na sani wanda ya ce shi tasa zai ƙera. Sunansa Habu, mutumin Gumel, yana karatun injiniya, siriri mai yawan murmushi, ƙasan farcensa kullum da baƙin mai. Ya kama hayar wani gareji a Dagenham ya yi ta fama har ya tayar da mota koriya mai kujera biyu. Ranar da ya kawo ta na shiga ƙarƙashi da gudumata ina neman abin da zan kushe, ban samu ba. Waldarsa tsaf, ƙarfen kariya a inda ya kamata, ya ma bar mini wurin ɗaure bel a jikin ƙashin motar. Na auna shi, na sa masa mai reshe biyar a gefen direba.

Da na zo kan ɗaya kujerar na tambaye shi wa zan auna, sai murmushin ya ɗauke.

"Malam Sale, Baba ne," ya ce. "Yana nan, an yi masa operation na ido, ya fara gani. An riga an yi masa booking na komawa. So nake ya shiga motar nan ko sau ɗaya kafin ya tafi."

"To ai sai ka kawo shi."

"Ba ka gane ba. Ni ne ɗan fari."

Na gane kuwa. Alhaji Mamman, mahaifinsa, tsohon mai haƙa rijiya ne wanda arzikin mai ya mayar ɗan kwangilar rijiyoyin gwamnati. Irin dattawan nan ne da ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa zama tabarma ɗaya da shi, ba sa yaba masa ko ya ciwo sarauta. Habu ya ce tun da ya yi wayo bai tuna ranar da hannun mahaifinsa ya taɓa jikinsa ba. Ga shi kuma masu kai gulma gida sun gaya wa Alhaji cewa yaron ya bar karatu yana wasa da ƙarafa. Ba yabo Habu ke nema ba, ya san ba zai samu ba. Shi dai tsohon ya zauna a cikin abin da ya ƙera, su zagaya, ya sauke shi.

Ranar Asabar da hantsi suka iso a tasi. Alhaji dogo ne, ƙaƙƙarfa duk da tsufa, da baƙin tabarau saboda idon, ya sha babbar riga ta shadda a kan jamfa a kan rigar sanyi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya motar a hankali, Habu yana biye da shi daga nesa kamar wanda ya zo biyan bashi. Da ƙyar muka shigar da shi kujerar, rigar ta cika motar har ta rufe giya. Na ɗauko ɗamarar gwaji. Habu ya karɓi na kafaɗa ya ɗora masa daga baya, yana kaffa-kaffa kada yatsansa ya taɓa shi. Na daidaita na ƙugu. Sai aka zo kan na biyar. Habu ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Ni na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, a yi mini izini in ɗan ɗaga rigar, wannan ta tsakanin ƙafafu yake bi."

Alhaji ya dubi bel ɗin da ke hannuna. Ya ɗan juya kai wajen da ɗansa ke tsaye, bai kai ga dubansa ba.

"Ɗaga ni," ya ce.

Na kama shi ya fito daga motar. Ya gyara rigarsa ya ce wurin da sanyi, a samo tasi.

Da yamma Habu ya dawo shi kaɗai, idonsa jajir.

"Malam Sale, ka sa masa huɗun kawai. Round the block ne fa, zagayen unguwa kawai, a hankali zan tafi, wallahi."

"Ba a shagon nan ba."

"Haba Malam Sale! Sau ɗaya ne a duniya."

"Shadda ce fa a jikinsa, ta fi sabulu santsi. Ko kai ka tafi a hankali, motocin dakon da ke fitowa daga bakin kogi ka yi alkawari da su? Kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙera irin wannan mota ya tafi a hankali ba, ko ya dafa Alƙur'ani."

"Motata ce dai ko?"

"Taka ce. Ga injin huda can, ka fi ni iya riƙe shi. Ka je ka sa da hannunka."

Ya tsaya yana duban injin, ya daɗe, sannan ya fita bai yi sallama ba. Ya san gaskiyata, shi ya sa abin ya fi ci masa rai. Ni ma raina bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Mista Stan da ba ya jin Hausa ya tambaye ni me ake ciki, na gaya masa. Ya kaɗa kai ya ce mutanena ne, in san yadda zan yi da su, amma huɗu ba za ta fita daga shagonsa ba.

Na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na kwance kujerar daga motar, na saɓa ta a kafaɗa, na cusa ɗamara a jaka, na hau bas zuwa Aldwych, inda Alhaji ya sauka a flat ɗin wani ɗan'uwansu. Kwandastan bas ya tambaye ni ko kujerunsu ne ba su yi mini ba. Na zaɓi lokacin da na san Habu yana makaranta. Na tarar da Alhaji shi kaɗai a kan sallaya, daga shi sai jamfa da wando. Ya dubi kujerar, ya dube ni, sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Kai ne mai igiyar nan."

"Ni ne, Baba."

"Zauna. Ka ɗauka tsoron igiya nake yi ko?"

Na ce ban ɗauka ba.

"Ka ɗauka mana. To bari ka ji. Rijiyar ƙasarmu ba irin ta Kano ba ce da za ka leƙa ka ga fuskarka. In kana ƙasa, bakinta kamar faifai kake hango shi. Sanda ake ɗaurawa a ƙarshen igiya, ka hau ta, igiyar ta bi ta tsakanin cinyoyinka, a zura ka. Da wannan na ci abinci har na yi furfura. Da na ga naka na san aikinsa, ba sai an gaya mini ba."

"To Baba, me ya hana?"

Ya cire tabarau ya goge idon da aka yi wa aiki.

"Tun da na zo garin nan ake juya ni kamar buhu. Mata sun tuɓe ni, sun wanke ni, sun ɗiga mini magani. Na haƙura, ido nake nema. Amma a gaban yaron nan, wani ya durƙusa ya ɗaga mini riga? A'a, Malam Sale. Kuma mu a rijiya ba wanda ke ɗaure wani. Mai shiga shi ke ɗaure kansa, na sama nasu riƙo ne."

Na ji kunya, don ya kamata in hango wannan tun ranar Asabar. Na ce, "To Baba, ai sai ka ɗaure kanka."

"Koya mini."

Na jingina kujerar da bango, ya zauna, na tsaya a bayansa na riƙe ƙarshen bel ɗin kafaɗa. Na yi awona da zare da alli ba tare da na taɓa shi ba sai kafaɗa. Shi kam bai shanye ciki ba, babu ma abin shanyewa. Na nuna masa yadda ake jawo na biyar da hannun hagu, a tura bakin kowanne cikin maɗauri har a ji ya ce ƙas. Na gaya masa abu ɗaya da ba a saɓawa: na ƙugu ake fara ja, a matse shi sosai a kan ƙashi, sannan a ja na kafaɗa. In aka fara da na kafaɗa sai su janye maɗaurin sama ya hau ciki, duk aikin ya tashi a banza. Yatsunsa kaurara ne, igiya ta cinye su, amma ba su yi kuskure ya wuce na farko ba. Ya ɗaure ya kwance, ya ɗaure ya kwance, har aka yi la'asar. Na nuna masa yadda murɗa maɗauri sau ɗaya ke sakin duka biyar ɗin, wannan ya burge shi, ya ce da suna da irinsa da wani abokinsa bai mutu a rijiya ba. Da zan tafi na ce masa babbar riga ba za ta yiwu ba. Ya ce wa ya taɓa shiga rijiya da babbar riga? Sannan ya ce kada in gaya wa abokin nawa, wato Habu, komai, in ce masa kawai ya kawo shi shago.

Na huda, na sa faranti, na ɗaure biyar ɗin a jikin ƙarfe, na bi kowane noti da sifana har Mista Stan ya zo ya bi bayana ya ce ya isa. Ana gobe jirgin Alhaji zai tashi suka zo, da safe, rana ta ɗan fito. Habu bai san abin da ake ciki ba, fuskarsa a ɗaure, gaisuwarmu ma sama-sama. Alhaji ya cire babbar rigarsa a bakin shago ya miƙa wa Mista Stan, shi kuma ya karɓa hannu biyu ya rasa inda zai ajiye, ya tsaya rungume da ita.

"Kafin in shiga," in ji Alhaji, "nuna mini inda aka ƙulle ƙarshen igiyar."

Muka ɗaga motar da jak. Tsohon nan ya durƙusa a kan kwalina, ya cire tabarau, ya leƙa da sabon idonsa. Ya kama kowane noti ya girgiza. Ya bi layin waldar da yatsa tun daga wannan gefe har wancan.

"Wa ya yi wannan?"

"Notin nawa ne, Baba. Ƙarfen da na ɗaura a kai, da waldar, da duk abin da ka gani, shi ya yi."

"Uhm," ya ce. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

Ya shiga da kansa, bai nemi hannun kowa ba. Ni na juya ina gyara kayan da ba su buƙatar gyara, Mista Stan ya dubi rufi. Sai muka ji ƙas, ƙas, har biyar ɗin suka cika. Da na waiwayo yana jan na ƙugu, sannan na kafaɗa, tsaf kamar wanda ya shekara yana yi. Habu ya tsaya baki buɗe. Sai da na ce masa, "Malam, direba ake jira," sannan ya zagaya ya shiga.

Yaron da ya ɗaure ɗamarar nan ba adadi, ranar sai ya ruɗe. Kafaɗarsa na gogar ta mahaifinsa, don motar ba ta da faɗi, shi kuma sai maƙurewa yake jikin ƙofa. A cikin ruɗewa ya fizgi na kafaɗa tun bai matse na ƙugu ba, maɗaurin ya haye masa har saman cibiya. Na taka zan yi magana, sai na ga Alhaji ya riga ni gani. Ya murɗa nasa maɗaurin ya saki kansa. Ya juya, ya sa hannu ya sassauta wa ɗansa na kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Ya kama maɗaurin ya danna shi ƙasa a kan ƙashi, ya ja na ƙugun dama, ya miƙa ya ja na hagu, sannan ya dawo kan kafaɗu ya ja, ya sa yatsa a ƙarƙashi ya gwada, ya ƙara ja. Habu ya ƙame, idonsa a kan sitiyari, hawaye na sauka a kan bel ɗin bai share ba. 

Alhaji ya koma ya ɗaure nasa, ya mayar da tabarau, ya dubi titi. Da ya yi magana, da ni ya yi.

"Malam Sale, gaya wa abokinka ya tayar da ita. Na ɗaure shi."